Man Shanu a Ƙarƙashin Siket

A tashar bas ta Turnhout, garin Beljiyam da ke kusa da iyakar ƙasar Holan, wani tsoho ya ninke jarida, ya dubi tsohuwar da ke gefensa.

"Tarayyar Turai! Sun cire shingen kan iyaka, kowa na shigo mana kamar gidan biki."

"Gaskiyarka, Malam. Ranar da aka cire shi sai da na yi kuka."

"Yauwa, ga mai kishin ƙasa! Ni tsohon ɗan kwastan ne."

"Ni kuma tsohuwar 'yar fasa-ƙwauri. Man shanun Holan nake shigowa da shi, ɗaure a cinya, ƙarƙashin siket."

Tsohon ya tuntsire da dariya. "Ashe ku ne muke zaunarwa kusa da murhu har man ya narke, ya biyo ƙafa!"

"Mu ne. Na taɓa takawa har gida da takalmi cike da mai, yara na yi min ihu."

"Doka ce, baiwar Allah. Ƙasa muke karewa."

"Daga man shanu? Rufa mana baki! Ni dai kasuwata nake kewa, ban ɓoye ba. Kai kuwa murhun nan kake kewa. Tun da aka kashe shi, ko kare bai ƙara jin tsoronka ba."