Fankar Ɗakin Inna Ba Ta Daina Tashi Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ce Hadiza daga Anka, kuma abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Yayana mai harkar zinari ya gina wa Innarmu ɗaki, aka sa sola da wata na'ura mai lura da motsin mutum. In ka shiga, fitila da fanka su tashi. In ka zauna shiru, su mutu, wai don kada batir ya ƙare a banza.

To Inna bayan La'asar zama take kan buzunta tana lazimi, ko motsi babu. Sai fanka ta tsaya. Sai ta ɗaga carbi ta kaɗa, ta ce, "Ke, ina nan, ban mutu ba!" Fanka ta tashi, mu yi ta dariya.

Bana Allah ya karɓi abinsa. Muka kulle ɗakin, makulli na hannuna. Amma wallahi kullum bayan La'asar sai in ji fankar ta tashi, ta tsaya, can ta sake tashi. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce lafiyarta lau, kuma ba ta tashi sai ta ga motsi. Na share ɗakin kaf, ko tsaka ban gani ba.

Yaya ya ce a cire ta, ni kuwa na hana. Malamai da injiniyoyi masu sauraro, ku ba ni shawara. In an cire, wa zai amsa mata in ta ce tana nan?