Rabin Littafina Yana Hannun A'i

Shugaban wannan taro, Malam Hussaini; Liman da Fasto, waɗanda na ga yau an zaunar da ku a benci ɗaya, Allah ya ƙara; dattawan Kafanchan, 'yan kwamitin ɗakin karatu, ma'aikatan reluwe, iyayena mata masu yankan citta, da 'yan makarantar da aka jera a rana: ina gaishe ku, sannunku da zuwa.

Na gode da aka sake buɗe mana wannan ɗaki, bayan shekara biyu yana kulle tun rikicin da ba sai na tuna wa kowa ba. Sakataren kwamiti, ɗana Kaleb, ya ce mini, "Mama Emilia, ki faɗi littattafan da ya kamata a karanta, amma ki taƙaita." Littattafan zan faɗa. Taƙaitawar kuwa ban yi alkawari ba.

Na farko, ni 'yar mai gyaran layin dogo ce, kuma ba a gidan littattafai na tashi ba. In uwata ta aike ni sayen ƙosai, wurin matar da takardar ƙunshinta ta fi rubutu nake zuwa, ko da ƙosanta ya sha mai. In ci, in karanta, labari ya yanke inda aka yage, in wuni ina ƙirƙira masa ƙarshe. Tun lokacin babu abin da na tsana kamar rabin labari. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Na biyu, ku karanta marigayiya Lai'atu Kumai, malamar makaranta a Fadan Kagoma. Na karanta marubuta da yawa, na nan da na nesa, amma ita ce kaɗai na buɗe littafinta na ji muryar kasuwarmu, na ji ƙamshin citta a kan dutse tana shan rana. Ku fara da "Kwandon Citta", labarin matar da dangin mijinta suka zo ƙwace gonarta, ta miƙa musu fartanya ta ce su fara da noman. In kuna son dariya, ga "Matar Mai Tuta": mutumin da yake tsayar da jirgi da ƙyalle ɗaya, amma bai taɓa tsayar da bakin matarsa ba. Maigidana ya rantse da ni ake. Ban musa ba.

Na uku shi ne littafinta na ƙarshe, "Jirgin Fatakwal Bai Iso Ba". Wannan ba zan ce muku yana da daɗi har ƙarshe ba, domin ban san ƙarshensa ba.

Ga yadda aka yi. Kowace Asabar mata sukan kawo cittarsu bakin wannan ɗaki, suna yanka, ni ina karanta musu. Masu ɗankwalin zumuntar coci da masu mayafi, tabarma ɗaya, wuƙa tana yawo daga hannu zuwa hannu. Kwafi ɗaya muke da shi, ba a kuma sake bugawa ba. Muna tsakiyar labarin Zamzam, mai sayar da ayaba a tasha tana jiran yayanta, sai ƙawata A'i mai gishiri ta ce, "Emilia, wannan karatun naki kamar jirgin kaya, sai na tsufa kafin ya iso." Ta karɓi littafin, ta sa wuƙar citta ta raba shi biyu ta bayansa, ta miƙo mini farkon, ta ce za ta kawo ƙarshen Asabar mai zuwa. Asabar ɗin ba ta same mu a nan ba, rikicin ya riga ta zuwa.

Tun daga nan hanyar unguwarta da tawa ta yi tsawo. Mukan gaisa a kasuwa kamar baƙi, kowa yana duban wanda ke dubansa. Ran nan tana auna mini gishiri, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Wai wane ne wannan Meshak da ya faɗo a rabina? Daga ina?" Na ce, "Farkon labarinsa yana wurina." Ta ce, "To ki riƙe shi da kyau."

Yanzu kwamiti ya yanke cewa matan Musulmi su zo karatu ran Talata, matan Kirista ran Alhamis, wai domin zaman lafiya. Ranka ya daɗe shugaba, wa kuka tambaya? Kun tambayi waɗanda suka taya juna naƙuda? Kun tambayi waɗanda suka ɓoye 'ya'yan juna? Mu ba mu ƙona komai ba, littafi muka yanka, shi ma don tsabar so. Ran Alhamis in karanta farko ba ƙarshe, ran Talata A'i ta karanta ƙarshe ba farko, ku kuma ku kira wannan zaman lafiya? Kaleb, daina rubutu, dube ni. Ni na koya maka baƙi da wasali, ban koya maka raba tabarma ba.

A'i, ga ki can bakin ƙofa, kin rungume jaka kamar za a ƙwace. Na san girman abin da ke ciki. Ga nawa, na kuma zo da allura da zare mai ƙarfi. Asabar bayan la'asar, a nan. In an buɗe mana ɗaki, madalla. In an kulle, gindin mangwaro ba shi da kwamiti. Sai dai kada ki kuskura ki faɗa mini ko yayan Zamzam ya sauko daga jirgin. Na ga bakinki yana motsi. Rufe shi, 'yar'uwa, na jira da yawa.

Allah ya ji ƙan Malama Lai'atu. Allah ya shiryi kwamitinmu kafin Asabar. Allah ya ba citta kasuwa, ya ba yaranmu son karatu, ya hana a sake yanke wa garin nan labari a tsakiya. Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.