Dalmar da Oom Gawie Bai Ɗauka Ba

Fasto Moloi, shugabannin ƙungiyarmu ta matuƙa jirage marasa inji, Tannie Ronel, matar marigayi, da 'ya'yanki, 'yan'uwa duka, sannunmu da zuwa, sannunmu da haƙuri.

An ce ni zan yi magana a kan Oom Gawie, wato Kawu Gawie, don shekara goma sha tara ina riƙe masa wutsiyar jirgi a kan sikeli. To, abin da na gani zan faɗa.

Ya kasance mai awo. In jirgi ya dawo daga gyara ko fenti, sai ya rufe ƙofar rumfa kada iska ta taɓa shi, ya kwashe komai daga ciki, sikeli ɗaya ƙarƙashin babbar taya, ɗaya ƙarƙashin wutsiya, har ya gano inda nauyin ya daidaita. Sannan ya rubuta a gaban kujera: matuƙi kada ya gaza kilo kaza. Wanda ya gaza, a ɗaura masa dalma a hancin jirgi, in ba haka ba wutsiya ta rinjaye shi.

Ya kasance mai awon mutane kuma, a bainar jama'a. Ran Asabar ana gashin rago zai ɗaga murya: "Wikus, kilo ɗari da sha biyu! Jirgi ka zo tuƙawa ko buhun masara za mu tura sama?" Ni da na zo ina 'yar kilo hamsin da biyu, cewa ya yi, "Nthabiseng, kaza ma ta fi ki. Ɗauki dalmarki ki rufe baki." Na sha kuka a bayan rumfa. Dalmar nan kuma ta dawo da ni gida sau ɗari bakwai.

Ya kasance ba a auna shi. Wanzami ba ya son jarfa. Kilo tamanin da biyar ya ce yana da shi, muka bar shi a kan tamanin da biyar.

Tannie, kin tambaye ni wa ya duba shi kafin ya tashi. Babu. Ciwo ya cinye shi tun hunturu, duk mun ga sabbin huji uku a bel ɗinsa. Jirgin da ya hau an yi wa wutsiyarsa faci, shi da hannunsa ya rubuta kada matuƙi ya gaza kilo saba'in da takwas. Ko saba'in bai kai ba.

Ni ce riƙe da fiffike. Na ce, "Oom, dalma fa?"

Ya ce, "Yaushe kaza ta fara awo?"

Aka kwashe da dariya. Wikus ya ce, "Ƙyale shi, yau shi ma ya ɗan yi gumi." Ba zan yi miki ƙarya ba, Tannie, ni ma na so in ga guminsa. Na ba da alama a ja. Igiyar da ke ɗaga jirgi sama ta ja, hanci ya miƙe tsaye, ya ƙi sunkuyawa, har jirgin ya faɗo da shi.

Mu goma sha ɗaya ne a filin, kuma babu wanda Oom bai taɓa hana tashi ba. Kada ki yi saurin yafe mana.

Ga dalmar nan a kan tebur. Tawa ce, shi ya rubuta "Kaza" a jikinta. Taku biyar ne tsakaninta da ƙafata a ranar.

Mun gode da kuka zo. Allah ya ba iyali haƙuri. Allah ya auna Oom Gawie da sikelin da ya fi nasa sassauci, ya ajiye mana irin sikelin, don mu za mu fi shi bukata. Amin.