Ƙafa Takwas a Bakin Koginmu

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, Tuan Haji Kamaruddin, malam liman, dattawan ƙungiyar masu jiragen ruwa, masunta da matansu, ina gaishe ku. Na gode da kuka bai wa tsohuwa Norsiah dama kafin ku yanke zurfin da za a yashe wa sabuwar matsayar jirage: ƙafa shida, ko tara.

Da farko, kun san jirginmu mai tafiya da iska, wanda marigayi mijina Mat Lazim ya sassaƙa da hannunsa. Gindinsa ƙafa takwas yake shiga ruwa. Shekara talatin muna bin gaɓa da shi, daga tsibirin Tioman har na Langkawi, shi yana riƙe da akala, ni ina gaba da gorar awo ina faɗa masa zurfi. Matsaya nawa muka leƙa muka juya saboda rashin zurfi! Matsaya nawa muka hango fitilunta, muka jefa anga, ƙarfen tsayar da jirgi, a waje muna jiran ruwa ya ciko!

Na biyu, zan tona kaina. Wata jajiberin Sallah muka iso bakin kogin nan. Ina jin ƙanshin rendang, naman Sallah mai kwakwa, daga gidan uwata. Na tsoma gora, na ga bakwai da rabi. Ya ce, "Siah, nawa?" Na ce, "Tara, Abang maigidana, shiga kawai!" Muka kafe a laka, ruwa ya janye, jirgi ya kwanta a gefe ɗaya, gari duk ya fito kallo. Wasunku da ke murmushi yanzu, a kan gada kuke ranar kuna ihu, "Lazim, ka zo noman shinkafa ne?" Awa shida muna nan a kafe. Da ruwa ya ɗaga mu sai ya ce, "Siah, gorarki ma ta ƙagu ta ga surukata." Ya sani sarai, kuma har ya koma ga Allah bai sake tayar da zancen ba. Wallahi ina kewarsa.

Na uku, tun daga lokacin laka ke ƙaruwa. Shekara goma sha ɗaya jirgin bai shigo gida ba. Yana can bayan tsibiri a kan anga, igiyar ruwa na cinsa. An ce mu rage masa gindi, Mat Lazim ya ƙi, ni ma na ƙi. In kun tsaya a shida, ba zai kai damina biyu a waje ba.

Yau da safe na sake tsoma gorar. Ƙafa biyar ce, kuma wannan karon gaskiya na faɗa. Ku mayar da taran da na yi ƙaryarta ta zama gaskiya, in shigo da shi gida.

Allah ya yi muku jagora, ya kiyaye na kan teku, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Na gode.