Harsasan Lorna

A filin gwajin bindiga na bayan garin Cody, wani dattijo da wata mata suna jiran layi ya zo kansu.

"Madubin saitin bindigar nan maƙaryaci ne," in ji dattijon. "Na ɗora zane na uku na cikin madubin a kan barewa daga nesa, harsashi ya tono ƙasa a gabanta."

"Baba, wane harsashi kake sawa?"

Ya nuna mata.

"Ai ga matsalar. Zanen nan na harsashi mara nauyi ne. Naka mai nauyi ne, da wuri yake yin ƙasa. Canza harsashi kawai."

"Ba zan canza ba. Marigayiya matata Lorna ce ta ɗura musu albarushi da hannunta."

"Allah sarki. To, canza madubin."

"Ita ta saya min."

"Ta san ba su dace ba kuwa?"

"Lorna? Ta fi ni sanin bindiga."

"To, ba kuskure ta yi ba. So take ka daina harbi daga nesa, ka taka ka matsa kusa."

"Ke ma kin fara ko?" in ji shi. "Shekara arba'in ina jin wannan."