Kwalayen Banza Sun Ja Mana Fatanti

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni Ramatu ce daga Malanville, kuma kunya ta sa na rubuto.

Maigidana ya tsallaka zuwa garin Gaya, ya bar mini tsaron shagonmu na sabulu da man shafawa. Ina zaune ina karanta littafin soyayya, wanda mijin jarumar ke da manyan shaguna, sai wani mutum mai tsabta ya shigo yana kallon kwalayen da ke jere har rufi. Ya ce, "Amarya, duk cike suke?"

Malam, babu komai cikinsu, ado ne don jawo masu saye. Amma bakina ya ce, "Cike maƙil, wasu ma suna hanya!"

Ashe ma'aikacin haraji ne mai kimanta shaguna. Fatantin bana, wato harajin shago, ya zo mana kamar na babban ɗan kasuwa, har maigida yana shirin sayar da babur ɗinsa. Bai yi mini faɗa ba, sai dai kullum ya ce, "Sannu, matar Alhaji."

Don Allah masu sauraro, in na kwashi kwalayen na kai ofis na buɗe musu, za su rage mana?