Karen da Aka Manta a Ginin Maƙwabcina

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gajiya, ina iyali? Sunana Iro Tela, daga Ƙofar Sauri a Katsina.

Maƙwabcina, wani Alhaji ɗan kwangila, ya sayo kare don gadin sumuntin da ya jibge a sabon gininsa. Sai babbar kwangila ta faɗo masa a Ikko, ya garƙame ƙofa ya tafi. Yau wata biyu karen yana ɗaure jikin bishiyar bedi. Da yana haushi, yanzu sai nishi. Ni ke jefa masa ƙanzo ta kan katanga, in zura masa ruwa a gwangwani da igiya. Ba son kare nake ba, amma rai ne, kuma Allah zai tambaye mu.

Na je wurin mai unguwa, ya ce ba a shiga gidan mutum ba ya nan. Duba-gari ya leƙa, ya ce sai in ya mutu ya yi wari zai zama aikinsa. Na rufe shago na taka har ofishin dabbobi. Malamin ya tambaye ni, "A ɗaure yake ko a sake?" Na ce a ɗaure. Ya ce, "To yana da mai shi. Mu na yawo muke ɗauka." Na ce in kun ɗauka fa? Ya ce harbewa suke yi.

Malam, na gaji. In na bar shi ya ƙare a ɗaure, in na haura na kwance shi, ran nan za su zo da bindiga. Masu sauraro ku ba ni shawara.

Alhaji kuma, in kana jin mu a Ikko, sumuntinka ko buhu ɗaya ba a taɓa ba. Mai gadin ne ka manta.